Telar da Ta Koyi Ɗinkin Baibai

Shagon Inna Tela ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran takalma da mai gyaran waya, amma muryarta ta fi shagon girma. Tun ƙafarta ba ta gama kaiwa matakin keke ba ta fara ɗinki a wurin mahaifinta. Da allura ta ciyar da 'ya'yanta, da ita ta aurar da su, kuma abu ɗaya take tinƙaho da shi: duk iya dubanka ba za ka ga inda ta haɗa ƙyalle da ƙyalle ba. Bakin ɗinki a ciki yake zama, a ɓoye. Riga kuwa ba ta barin shagonta sai ta sha sitaci da guga har ta kusa tsayuwa da kanta. Rediyonta ba ya shiru, ita ma haka. Mai gyaran takalma yakan ce ko an ɗauke wuta shi ba ya rasa labarai, tunda Inna na nan.

Wata safiya wata matashiya mai aiki a kantin magani ta shigo riƙe da yadin makaranta, ɗanta na biye da ita. Yaron bai gaida kowa ba. Kwalbar maɓallai ya hango, ya zauna a ƙasa ya zazzage su, ya shiga jerawa launi-launi, yana kaɗa hannuwa don murna. Saboda wannan kaɗa hannun ake ce masa Tsuntsu.

"Ke 'yar nan, ba ki ga ɗanki ya sa riga a baibai ba?" in ji Inna, ta miƙa hannu za ta gyara masa.

Yaron ya ƙwala ihu ya shige ƙarƙashin tebur.

"Inna, yi haƙuri, ba ya son a taɓa shi ba shiri," in ji uwar. "Likita ya ce otizim ne. Ba rashin kunya ba ne, yana kuma fahimtar komai. Ƙara da haske da taɓi ne suke zo masa da ƙarfi fiye da yadda suke zo mana."

Sai ta zauna a kan benci ta zayyane damuwarta. Bayan dogon nema ta samu makarantar da ta karɓe shi, har da malamar da ta san irin yaran nan. Amma dokar makarantar ce kowa ya sa kayan makaranta, shi kuwa ana sa masa na kanti yake tuɓewa tun a bakin ƙofa yana kuka. An ba su zuwa farkon mako mai zuwa. In bai sa ba, za a ba wani gurbinsa, ita kuma ta ajiye aiki ta koma zaman gida da shi.

"Na kanti!" Inna ta ja tsaki. "Ai dole ya tuɓe, yaron ya san abin kirki. Bar min yadin."

Tunda ba ya yarda a zagaya masa tef, a kan wata tsohuwar rigarsa ta ɗauki awo. Ta zage ta yi ɗinkin nuna gwaninta: kwala a miƙe, ninki biyu a kowace gaɓa, sitaci har da ƙari. Ranar gwaji Tsuntsu ya sa hannu ɗaya kawai ya fizge, ya yi jifa da rigar kamar ta ƙone shi. Inna ta ce ƙila zaren ne, ta sake wata da ta fi ta farko tsari da guga. Wannan ko kusa da ita bai zo ba.

Abin ya yi wa Inna ciwo ƙwarai. Tunda take ba a taɓa jifa da ɗinkinta ba. Ta wuni tana yi wa almakashi faɗa, har mai gyaran waya ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Amma da ta tuna yadda uwar ta naɗe rigar, idanunta cike da ƙwalla, sai haushin ya koma tausayi.

Washegari uwar ta dawo tare da Tsuntsu, ɗauke da saƙon malamarsa: a daina tunanin abin da ya ƙi, a dubi abin da yake zaɓa da kansa. Inna ta kashe rediyo, ta kuma yi abin da ya fi mata wuya a duniya, wato ta kama bakinta. Ta ajiye rigar a ƙasa kusa da maɓallan ta ci gaba da aikinta tana satar kallo. Can Tsuntsu ya jawo rigar. Ya shafa cikinta da yatsa, ya yamutsa fuska. Sai ya juya ta baibai a hankali, ya kai ɓangaren da ba gaɓa kumatunsa.

Inna ta dubi rigar da ke jikinsa, mai laushi, ta koɗe don wanki, bakin ɗinkinta duk a waje.

"Wayyo ni," ta ce a hankali. "Ashe tun ranar farko yake faɗa min."

Da yake ita ba ta yarda da abu sai ta gwada, ta shiga bayan labule ta juya tata rigar baibai, ta wuni a haka. Mai gyaran takalma ya yi dariya har guduma ta faɗi daga hannunsa.

"Inna, tsufan ne ya iso?"

"Kai dai ji da takalmanka. Karatu nake yi."

Kafin yamma ta lura ba ta sosa wuyanta ba ko sau ɗaya, ita da ta shekara da shekaru tana ɗora wa zafi laifin ƙaiƙayin.

Ta wanke sauran yadin ta sake wankewa har ya yi laushi. Ta yi ɗinkin da mahaifinta zai dafe kai in ya gani: kowace gaɓa a waje, ta bi ta rufe su da siririn ƙyalle mai launin yadin, sai suka fito kamar ado. Lastik ɗin wando ta lulluɓe shi. Kwala kuwa, malamar ta je ta yi wa shugabar makaranta bayani, aka yarda a cire. Sitaci ko ɗigo. Duk lokacin da take wannan aiki Tsuntsu na ƙasan tebur da maɓallansa, uwarsa kuma, da Inna ta haɗa mata shayi ta ce ta ɗan jingina, barci ya kwashe ta a kan tarin yadi. Inna ta hana kowa ɗaga murya a bakin shagon.

Yanzu iyayen irin yaran nan sun san hanyar shagon. Wata ta kawo mai tauna wuyan riga, wani ya kawo mai tsoron ƙarar zif. An ƙaro benci da kwalbar maɓallai ta biyu, iyayen kan zauna su yi hira su ba juna shawara, rabinsu ma ba ɗinki ya kawo su ba. Amma in ka tambayi Inna ranar da ta fi kowace daɗi a sana'arta, waccan ranar farkon mako da Tsuntsu ya tafi makaranta da sabon ɗinkin za ta ba ka.

Ranar ba ta iya ɗinka komai ba. Ta zura zare ya fi a ƙirga yana zamewa, kunnenta na kan titi, don ta san in abin ya ƙi, da hantsi za ta ga sun dawo. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, shiru. Sai da aka tashi 'yan makaranta ta hango su, uwar na tafe tana dariya tana share hawaye, Tsuntsu a gaba yana kaɗa hannuwa.

Rigar na jikinsa. Gabanta duk fenti, aljihun ya sha tawada, gwiwar wandon ta yi baƙi da ƙasa.

Inna, wadda ko ƙura ba ta yarda ta taɓa ɗinkinta, ta fito tsakiyar titi da tef a wuya tana tafa hannu.

"Mai takalma! Mai waya! Ku fito ku gani, rigar ta yi datti!"

Tsuntsu ya wuce ta gefenta ya nufi kwalbarsa, ya zauna, bai tuɓe ba.