Janareta Goma Sha Tara

A layinmu kowa Likita yake ce masa, ko da yake majinyatansa duk ƙarfe ne. Shekara talatin ya yi yana gyaran janareta a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya da rabi.

Dokarsa guda ce: abin da aka kawo gyara amana ne, ba ya sayarwa ko mai shi ya shekara goma bai waiwayo ba.

Da sola ta fara hawa rufin gidaje, masu kawo gyara ba su ragu ba, masu zuwa karɓa ne suka ɓace. Mutum zai sauke injinsa ya ce, "Duba min, sai na zo," alhali wurin yarwa yake nema, kunya ta hana shi faɗa. Likita ya gyara, ya goge, ya jera. Duk safiya sai ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya da fetur ɗinsa, wai kada zama ya kashe su. Har suka kai goma sha tara.

"Malam," in ji matarsa, "gidan marayu ka buɗe ban sani ba?"

Sai ga mai shagon da yake haya. "Baba, ƙarshen wata mai sayar da batir zai shigo. Ka kwashe 'ya'yanka."

"Na'am?"

"Na ce ka kwashe!"

"To, meye na ihu?"

Ya ari baro, ya bi gida gida. Mai aski ya nuna masa solar da ke kan rufinsa da almakashi. "Haba Likita, ni da na huta da layin gidan mai? Na bar maka."

"Ba kyauta na zo nema ba. Naka na kawo maka."

"Allah Ya saka. Yafe min, kan mutum nake."

Kwana uku yana yawo, guda ɗaya aka karɓa: wata tsohuwa ce ta ga zai yi daidai da ɗora bokiti. Gidansa kuwa ɗaki ɗaya ne, ko gado ko injuna.

Ranar ƙarshe surukinsa ya kawo mai sayen tsohon ƙarfe.

"Duk suna tashi," in ji Likita. "Ja ɗaya."

"Baba, ni sikeli na sani. Tagullar ciki nake so." Mai ƙarfen ya ɗaga guduma.

Likita ya riƙe masa hannu. "Ba haka ake yi ba, ɗana."

Ya durƙusa da sifana, ya kwance na farko a hankali, yana jera kowane noti a kan tsumma, kamar mai shirin mayarwa. Mai ƙarfen ya duba agogo, ya sa ƙafa ya tattara su cikin buhu.

"Saura goma sha bakwai, Baba. Ɗan ƙara sauri."