Macijin da Ke Shanye Hadari a Hanyar Shinkafi

Ana idar da sallar asuba muka bar tashar Kaura Namoda, mu bakwai a motar mutum biyar, ranar kasuwar Shinkafi. Ni tunkiya zan sayo wa mahaifiyata. A baya an matse ni tsakanin wani Bayarabe mai sayar da kayan babur da wani dattijo Bazabarme daga Nijar. Gaba kuma wani manomi ne mai saurin fushi.

Hantsi bai yi ba yayyafi ya ɗauke, bakan gizo ya fito. Manomin ya ja tsaki.

"Ga Gajimare nan ya zo shanye muna hadari, gero na jin ƙishi!"

Wai kakarsa ta ce maciji ne mai fitowa daga rijiya. Bayarabe ya ce kakanninsa Oshumare suke ce masa, kuma maciji ne. Dattijo ya ce su Sajara suka gada, shi ma maciji. Direba ya leƙa yana neman kan macijin, sai ji muka yi gwaram cikin rami, taya ta fashe. Manomi ya ce "Ya Ubangiji!", Bayarabe "Olorun!", dattijo "Irkoy!"

Muna fitowa manomin ya tubure wa Bayarabe.

"Mi kac ce? Macijinku kak kira! Direba, a bar shi nan!"

Wanda ya san hanyar nan ya san ba a barin mutum a dajinta. Dattijo ya dafa manomin.

"Ƙanena, Olorun Mai Sama ke nan, Irkoy kuma Ubangijinmu. Wanda ka kira muka kira."

Bayarabe ya zaro carbi, ashe sau biyu ya je Makka. Sannan ya buɗe jakarsa ya ciro sifana, don ta direba tana gida. Shi ya ɗaura tayar, manomin yana miƙa masa noti yana "sannu Alhaji".

A Shinkafi muka sha fura tare, na sayi tunkiyata. Washegari na zaga Zurmi gaida gwaggona, na ba ta labari. Ta ce duk mun yi kuskure, Masha-ruwa ne sunansa, a ƙara mini tuwo.

Na dawo Kaura da la'asar da darasi guda: kafin ka kafirta mutum a kan kalma, tambaye shi ma'anarta, balle idan shi kaɗai ke da sifana a motar.