Usta Salih da Irin Kaura

A ƙauyensu na bakin kogin Nilu, tafiyar rabin sa'a a babur daga Abu Na'ama, Salih Abdussalami ne kaɗai magidancin da ba shi da kanta a tafin hannu, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya tafi Managil, wai zai koyi ɗinki, sai ya ɓige a wata masaƙa, a ɗakin injinan da ke hura iska cikin zauren saƙa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wanke matatun iska, yana ɗaure bel, yana ɗura wa fanka giris, har ya kai idan ya dafa jikin inji zai faɗa maka abin da ke damunsa. Ya dawo gida da gemu, da akwatin ƙarfe cike da sufanu, da sunan Usta, wato gwanin sana'a, wanda abokan aikinsa Larabawa suka laƙaba masa. 'Yan gida suka karɓi sunan don su riƙa yi masa tsiya, a hankali ya bi shi.

Mutum ne mai tsabtar da har takan ba mutane haushi. Bai iya wuce fankar masallaci tana ƙara ba, sai ya nemo tsani. Matarsa Raihana takan ce ita ta kwana uku tana tari bai ji ba, amma da fanka za ta yi atishawa a bayan gari, da ya tashi da akwatinsa. Ba ya musu, murmushi kawai yake yi, don ya san da gaskiyarta.

Da wani kamfanin sayar da iri ya gina ma'ajiya a gefen Abu Na'ama, shi aka ɗauka ya kula da injinta. Ɗaki ne mai kaurin bango, babu taga ko ɗaya. Injin yana jawo iska daga saman rufi, ya tace ta, ya bi da ita ta kan bututan sanyi. Bututan su yi gumi, su tatse danshin da ke cikin iskar, ruwan ya ɗiga cikin wani dogon kwano, daga nan ya bi siririn bututu ya fita ta gindin bango zuwa waje. Iskar da ke isa wurin buhuna sai ta zama mai sanyi kuma busasshiya, irin wadda ƙwaya ke so. Duk ranar Alhamis Salih yakan tsuguna a bayan ginin ya zura waya cikin siririn bututun nan don kada ya toshe. Yakan ce duk girman injin, ransa a wannan ɗan ramin yake.

A gida kuwa akwai Goggo Mu'minat, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ba ta faɗin sunansa, domin sunan mahaifinta aka sa masa, sai dai ta ce Babana. A hannunta irin kaura yake, jar dawar nan da mutanen ƙauyen suka ce kakanninsu ne suka taho da ita a ƙasa tun daga ƙasar Sakkwato. Makwabtansu Larabawa farar dawar da ake kira fatarita suke shukawa, 'yan ƙauyen ma yawancinsu sun koma mata saboda ita kasuwa ke so. Gidaje shida ne suka rage suna ware wa kaura 'yan kunyoyi, don tuwon suna da na Sallah. Da kaka kowane gida zai zaɓo zangarkun da suka fi cika ya kawo wa Goggo, ta rataye su a saman murhu hayaƙi ya kore ƙwari, da ruwan fari kuma a zo ta raba. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta yi shekara arba'in.

Wata shekara rufin ɗakin girkin ya yi yoyo, ɓeraye kuma suka ƙarasa ɓarnar, rabin irin ya tafi. Salih ya same ta zaune tana tsince abin da ya saura a faifai.

"Goggo, ki ba ni shi in kai mahazan, ma'ajiyar kamfani," ya ce. "Can ba ɓera, ba ruwa, ba ƙwaro. Mudir, shugaban wurin, ya ce akwai wuri."

"Babana, hatsi a ɗakin kahraba, ɗakin lantarki? In wuta ta ɗauke fa?"

"In ta ɗauke ina nan. Ni ka tsaron wanga inji."

Ta ce to za ta rage ƙwarya ɗaya a gida. Ya yi dariya, ya ce ashe dai ɓerayen ta fi yarda da su a kansa. Wasa ya yi, irin wanda suka saba, amma maganar ta taɓa ta. Ta juye ƙwaryar a buhu, ta karkaɗe ta a gabansa don ya gani.

Shekara huɗu abin yana tafiya daidai. Irin yakan fito daga ma'ajiya kamar ranar da aka sheƙe shi, tsiron ma ya fi na da. Sau ɗaya Goggo ta hau amalanken jaki ta je ta gani da idonta. Ta shiga, ta ja mayafi ta ƙudundune, ta ce hatsin nan ya fi ta jin daɗin duniya. Salih ya yi mako guda yana ba mutane labarin nan har suka gaji.

Yaƙin da ake ji a rediyo ya iso yankinsu ne a farkon damina, ana saura kwanaki a zo karɓar iri. Mutanen kamfani suka tsere, suka bar masa mabuɗi. Labari ya zo cewa masu bindiga suna fasa duk ma'ajiyar da suka gani, a hanya kuma ba a barin kowa ya wuce da buhu. Ƙauye ya yanke shawarar tashi washegari. Kowa ya ɗauka mako biyu ne, in ya yi tsawo uku.

Da hantsi Salih ya tafi ma'ajiya shi kaɗai. Buhunan kaura uku ne, jingine a kusurwa a kan katako. Ya tsaya ya yi tunani, sai dabarar mahaifinsa ta liƙe bakin rumbu ta faɗo masa. Ya kwaɓa laka da tattaka, ya jera tubali a bakin ƙofa, ya yaɓe ta har ta saje da bango, wanda bai sani ba zai rantse babu ƙofa a nan. Daga nan ya zagaya ginin kamar yadda ya ga ana zagaya rumbu tun yana ƙarami, yana liƙe duk wata kafa da ɓera zai iya bi. Hannu ne ke aikin, kai yana can wurin yadda za a ɗora Goggo a amalanke. Ya zo kan bakin siririn bututun nan, ya danna masa curin laka, ya shafe da babban yatsa, ya wuce. Injin kuma ya bar shi a kunne, tunda wuta tana zuwa jefi-jefi, don kada zafi ya taɓa irin.

Abin baƙin cikin shi ne babu sakaci a ciki ko kaɗan. Injiniyan birni ba zai taɓa tunanin laka ba, manomi kuma da ya kashe injin ya kama gabansa. Sai wanda ya tashi a gindin rumbu ya kuma tsufa a ɗakin inji ne zai haɗa kulawar nan biyu wuri ɗaya, ɗaya ta kashe ɗaya.

Mako biyun ya zama wata takwas. Suka zauna a Gadarif, a wata makaranta da aka buɗe wa masu gudun hijira, iyali huɗu a aji ɗaya. Goggo ta rame, idonta ya ƙara dushewa. Ba ta tambayar gida, ba ta tambayar awakinta. Abu ɗaya take tambaya, kusan kullum bayan la'asar.

"Babana, irin nan fa?"

"Shina nan lafiya, Goggo. Na liƙe ƙofa, na bar inji shina aiki."

A watanni ukun farko da zuciya ɗaya yake faɗa. Wata rana da azahar yana ratsa kasuwar Gadarif yana neman aikin gyara, sai ya bi ta bayan wani kantin magani. Na'urar sanyaya ɗakin kantin tana ɗigar da ruwa ta bututu, ɗis, ɗis, har ƙasa ta yi ɗan tabo, wata kaza tana sha. Ya tsaya yana kallo. Sai ya ji laushin lakar nan a babban yatsansa kamar yanzu ya shafa ta. Ya zauna a ƙasa da akwatinsa a cinya. Iskar damina ce injin ya yi ta jawowa daga rufi, jiƙaƙƙiya sharkaf, ruwan kuma ba shi da hanyar fita.

Bai gaya wa kowa ba. Raihana ta ga ya daina cin abincin kirki, ta ɗauka kewar gida ce. Goggo ta ci gaba da tambaya, shi kuma ya ci gaba da ba ta amsar nan, kalma ɗaya bai canza ba, sai dai yanzu ƙasa yake kallo. Yakan lallashi kansa da cewa wataƙila wuta ta ɗauke tun ranar da suka tashi. A rayuwarsa bai taɓa roƙon Allah inji ya mutu ba sai a watannin nan biyar.

Da hanya ta buɗe suka koma. Tun kafin ya ga abin da ya rage na gidansa ya wuce ma'ajiya. An hau rufi an kwashe duk wani jan ƙarfe, an fasa ofis, an tafi har da ƙofar banɗaki. Yaɓensa kuwa yana nan, ko ƙwarzane babu. Dabarar ta yi aiki, ba wanda ya gane akwai ƙofa. Ya ari diga ya fasa. Warin da ya fito ya tura shi baya, warin rijiyar da aka daɗe da rufewa. Da idonsa ya saba da duhu ya ga layin da ruwa ya bari a bango, ya haura katakon da buhuna ke kai da kamu ɗaya. Wuta ta yi makonni tana zuwa ke nan kafin ta ɗauke gaba ɗaya, ta bar ruwa da zafi a rufe tare da hatsi. Buhunan sun yi baƙi. Na ƙasa sun tsira ta cikin saƙar buhu, tsiron ya yi fari a duhu, ya mutu a wurin.

Ya kwance buhun da ke sama, ya ɗebi na bakinsa inda ya fi dama-dama, ya ƙulle a rawaninsa ya kai mata. Goggo tana zaune a inuwar bangon da ya rage na ɗakin girkinta. Ta zura hannu, ta murza, ta kai hanci. Ta sa Raihana ta jiƙa tsumma, ta jera ƙwayoyin a kai da yatsunta, ta naɗe, ta ajiye a gindin randa. Kullum da safe sai ta warware ta shafa da yatsa, tunda idon ba ya gani sosai. Sauran gidajen biyar suka riƙa aiko da gaisuwa, ba wanda ya tambayi komai, kowa yana jira.

A rana ta bakwai ta aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa. Tsumman yana buɗe a cinyarta, ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi, babu wadda ta fasa baki. Ya gaya mata komai, da laka, da bututu, da ranar kasuwar Gadarif, da watanni biyar ɗin da ya yi yana ba ta amsar da ya san ba ita ba ce. Ta saurara har ya gama.

"Ni ban san sha'anin inji ba," ta ce. "Abu guda nika son ka gaya mini. Da ka kashe shi ranar da munka tashi, ka bar ɗakin haka nan, da mi za ya faru?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi. Zai iya cewa zafin wata takwas ma da ya kashe shi, kuma babu mai ƙaryata Usta a kan wannan. Amma ya san hatsi busasshe a ɗaki mai kaurin bango yana shekara bai ji komai ba.

"Da ya rayu, Goggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta naɗe tsumman, ta riƙe shi da hannu biyu.

"To. Allah ya ƙaddara a hannunmu za ya ƙare. Tashi ka tai gidajen nan ka gaya musu, kada su yi ta ware wuri a gona suna jira."

Ya ce ko Raihana ta je. Ta ce a'a, ita ce ta karɓi amanar, ita ya kamata ta je, sai dai ƙafa ba ta kai ta, don haka shi zai tafi a madadinta, kuma ya ce musu ita ce ta ba da irin da hannunta. Ya so ya yi magana, ta ɗaga masa hannu.

Salih yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Har yanzu yana gyara, yawanci fankoki da ƙananan na'urorin shaguna, kuma ba wanda ya taɓa yi masa gori a ƙauyen, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. A ranar dai ya tashi ya sa takalmi, ya fara da gidan da ya fi nisa. Ya yi sallama, maigidan ya fito da fara'a da ƙwarya a hannu, don ya ɗauka rabon iri aka fara.