Maharazu Mai Sauraron Rumbu

Da aka ce mini akwai mutum a Kankiya da ya ƙera na'urar jin motsin ƙwari cikin wake, ban yarda ba. Inda na yi karatu, sai an tara injiniyoyi kafin a yi irin wannan. Sai da na je wurin Malam Maharazu.

Firamare kawai ya gama. Shekara talatin yana gyaran rediyo a wata rumfa bakin tasha. Wata shekara ƙwari suka cinye masa buhu biyu, sai ya ciro makirfo daga tsohuwar rikoda, ya liƙa shi da dalma a jikin siririn ƙarfe, ya haɗa da kayan cikin rediyo da abin sawa a kunne. In ya soka ƙarfen cikin wake, yakan ji ƙwarin suna ci tun ido bai gan su ba. Manoman Rimaye da Ƙofa suka riƙa ɗaukarsa a babur. In ya ce a shanya, a shanya. In ya ce a rufe, a rufe.

Da kunnensa ya fara nauyi, bai faɗa wa kowa ba. Ya dai riƙa ƙara muryar na'urar.

Bara Ɗalha, amininsa na Dudunni, ya kira shi. Maharazu ya soka ƙarfe, ya saurara, shiru.

Ya ce, "Lafiya lau, liƙe abinka."

Bayan wata huɗu Ɗalha ya buɗe rumbu ya tarar waken ya zama gari, har da irin shuka. Ya ɗebo a leda, ya zo ya ajiye masa kan tebur.

"Ga wakenka, injiniya."

"Mi ka ce?"

Nan Ɗalha ya gane. Sai ya matso kusa da kunnensa. "Na ce ina gajiya." Ya hau babur ya tafi.

Maharazu ya kwance na'urar, ya gwada kowace waya. Babu abin da ya same ta. Ya mayar ya ɗaure, ya sa a akwati. Har yanzu yana zuwa rumfa, yana gyaran fitilun caji, waɗanda ido ke shaida gyaransu. In manomi ya zo, sai ya ce na'urar ta lalace.

Na rubuta masa tambaya a takarda: me zai hana ya koya wa wani ya riƙa saurare? Ya karanta, ya miƙo mini takardar.

"Sai na faɗi dalili ke nan," in ji shi. "Gara su ce ita ce ta lalace."