Mutuwar Bango

Shekara da shekaru ni ke wankan gawar mata a unguwarmu a Jidda, saboda haka na san yadda rai ke fita. Ba da waƙa yake fita ba.

Tun muna Sudan na taɓa ganin 'yan wasan Masar a kan dandamali. Magana suke yi, amma akwai mai goge a gefe. In mugu zai shigo, gogen ya yi gurnani. In za a mutu, ya yi kuka. Na ja tsaki na tafi gida.

Da muka zauna Jidda, maigida na dako a tashar jiragen ruwa, sai maƙwabcinmu ya yi hayar majigi yana haskawa a bangon tsakar gidansa. Na bi 'yata don in sa mata ido. Wallahi wasan nan ne dai, da mugun, da ɗora hannu a goshi, da zubewa ƙasa, sai dai maganar ta tafi, kukan gogen ya koma bakin mutane. Aka soki wata mata da wuƙa. Maimakon salati sai ta buɗe maƙogwaro, ta yi ta waƙa har shayina ya huce. Ta faɗi, ta sake tashi ta ƙara baiti!

Na ce, "Ba mai laƙƙana mata kalma?" Mata suka kwashe da dariya. 'Yata kuwa hawaye shaɓe-shaɓe.

Bayan aikin Hajjin wannan shekara, ciwon ƙirji ya kwantar da maigida. Wata rana da hantsi na taɓa ƙafarsa na ji sanyi, na gane lokaci ya yi. Na durƙusa a kunnensa ina laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓensa ya fara motsi ke nan sai 'yar nan tawa ta faɗo ɗakin, hannu a goshi, ta zube a ƙirjinsa tana jan "Ya abuya!", wato wayyo babana, da muryar matar bango, har da karkarwar. Idonsa ya bar ni ya koma kanta. Leɓen ya tsaya.

Na damƙo wuyan rigarta.

"Ke! Halas, ya isa haka! Ubanki ba zai tashi ya ƙara baiti ba."

Ta dube ni. "Inna, to yaya ake yi?"

Ashe ba ta sani ba. 'Yar mai wankan gawa, amma a bango kaɗai ta taɓa ganin mutuwa.

"Kama hannunsa. Faɗi abin da nake faɗi, a hankali."

Muka yi ta faɗi tare. Can sai ya bi mu, har ya kai ƙarshe. A kanta ya cika.

Da aka sake kirana wanka, na miƙa mata bokiti na ce ta wuce gaba.