Yinin da Na Karɓar Mata Goyo

A kakar bara na hau kabu-kabu daga Magariya zuwa ƙauyenmu, can gefen Kwaya, don in duba tsohuwarmu da idonta ya soma gazawa. Lokacin cirar gyaɗa ne, kowa yana gona, gari ya rage sai tsofaffi da awaki. A ƙofar gida na tarar da 'yar ƙanena, yarinyar da ko famfara ba ta yi ba, goye da ƙanenta, wani ɓulɓul ɗin yaro mai rarrafe. Ƙafafunsa har suna dukan bayan gwiwarta. Ta gaishe ni a sunkuye, don nauyin bai bar ta ta miƙe ba.

A garinmu wannan ba abin magana ba ne, raino aikin 'ya mace ne. Ni ma na yi. Amma a zamaninmu gida cike yake da kakanni da yayye da matan baffanni, goyo zagayawa yake yi. Kin ɗauka kaɗan, wata ta karɓa, ki ruga wurin tuwon ƙasa. Mu tsinci sakaina mu ce tukunya ce, mu tsinko tafasa mu ce miya. Goyona na farko ma totuwar masara ce, in na gaji da ita in jefar in kama gabana. Ita wannan nata ba ya jefuwa, kuma ba ta da mai karɓa.

Da yamma uwarta ta dawo, ƙura har gira. Ni kuwa bakina ba ya iya shiru.

Na ce, "Haba ke kuwa. Wannan 'yar ai wasa ne aikinta yanzu. Za ki karya mata baya tun ba ta san kanta ba."

Ba ta yi musu ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ta ce, "Yaya, to wa zan ba? Inna ba ta gani. In na tafi da shi gona rana ta dafa shi, ga kunamu a gindin gyaɗa. In na zauna, gyaɗar ta lalace a ƙasa, me za mu ci?"



Washegari na kwance yaron na goya shi da kaina. Na ce da yarinyar, "Maza jeki wurin 'yan'uwanki, yau ba ruwanki da kowa." Sa'o'inta suna gindin darbejiya suna bikin 'yar tsana, ana guɗa, ana rabon tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir. Ta dube ni kamar na kore ta daga gidan, sannan ta tafi tana waiwaye.

Ina zaune a inuwar zaure ina kallo. Suka ba ta gwangwani ta tuƙa tuwon amarya. Ta riƙe shi kawai. Wata ƙarama ta kai ƙasa baki, 'yar tamu ta yi wuf ta ƙwaƙule mata tana faɗa da muryar manya. Daga nan ta ja gefe ta tsaya. Sai na lura jikinta yana kaɗawa a hankali, dama da hagu, hannunta ɗaya yana bubbuga bayanta inda babu kowa. Wallahi sai da na kau da kai.

Ba a jima ba ta dawo.

"Gwaggo, kawo shi. Ba ki iya ba, kununsa yake so."

"Koma ki yi wasa, 'yata. Ni zan ba shi."

"Ai na gama."

Na yi tunanin in tafi da ita Magariya in sa ta lakwal, makarantar boko, tare da nawa 'ya'yan. To yaron fa, a bayan wa? Na yi tunanin in zauna har a gama kaka, amma aiki yana jirana, nawa 'ya'yan ma maƙwabciya na bar wa. Duk inda na juya zancen, a bayan yarinyar nan yake sauka.

Yaron ya soma kuka yana miƙa mata hannu. Ta juya mini baya ta duƙa. Ni da hannuna na ɗora mata shi.