Yadda Iya Ta Tona Mani Asirin Sifirin

Bari in fara da laifina, tunda a unguwarmu ta Dutsin-Ma babu wanda bai ji shi ba, har awaki. Na wanke sifirin mota da fetur. Ban yi sata ba, ban zagi kowa ba. Sifirin guda biyu ne, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da gaban mota, na gan su da datti na ce bari in burge Baba. Ashe ɗigon fentin da ke jikin kowannensu ba datti ba ne. Amma kafin mu je can sai kun san Iya, don ita ce ta ci amanata.

Iya mahaifiyar Baba ce. Ina ɗan shekara bakwai zuwa tara, duk lokacin girbi akan kai ni wurinta a Rawayau, ni da yayata Rabi. Da an idar da magariba an sauke tuwo, Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan tura karan dawa biyu, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta da yaran maƙwabta, kowa ido a kan toka, kunne a kan Iya. Ita tatsuniyarta baƙuwa ce. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ta gaji da hanya." Mu ce, "Ta zauna mu ba ta ruwa."

Wadda na fi so ita ce ta ɓauna da carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke hawa bayan shanu yana cire masu kaska. Wai wata ɓauna ce ke jan garke, duk inda ta sa kai nan ake bi. Ran nan kibiyar maharbi ta karce ta a doro, wurin da babu mai gani sai carki. Ta ce masa, "Carki, in garke ya ji ina da miki za a sauke ni daga gaba. Ka rufa mani asiri." Carki ya rantse, ya baza fukafukai a kan mikin ya zauna. Kura ta zo da ƙwarya cike da kaska masu ƙiba, ta ce ya faɗa mata abin da yake rufewa, ya ce inuwa yake sha. Dila ya zo da daɗin baki, ya ce ai shi ɗan'uwan uwarsa ne, carki ya ce to a gaishe ta. Iya kan yi muryar kura da hanci, ta yi ta dila siririya, har Rabi ta ƙware da dariya.

A daidai nan dankali ya gama sauka cikina, kaina na kan cinyar Iya. Takan shafa ƙeyata ta ce, "Ka ga ɗan halak ko, angona? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ni kuwa sai in lumshe ido ina jin daɗi, ina da tsohuwar da in na kashe giwa ma za ta ɓoye ta a ƙarƙashin gadonta.

Bana na cika sha shida. Baba yana da tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, da ita yake kwaso hatsi daga Rawayau da Ɗantutture, hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Gabanta ya mutu. In ta faɗa rami ɗaya a Kurfi, sai mun iso Dutsin-Ma take daina rawa. Baba ya sayo shokozoba biyu masu tare jijjiga da sifirin biyu na hannu a Katsina, wurin abokinsa Alhaji Sale, ya ce babu bakaniken da zai taɓa masa mota, shi ma ya yi zaman gareji yana saurayi.

"Mudi," ya ce mani, "in ka tsaya muka yi aikin ga lafiya, ranar da za mu mai da Iya gida zan ba ka sitiyari a filin bayan Kurfi."

Shekara uku ina roƙon wannan magana. A daren nan na tuƙa katifata har Legas.

Ranar Asabar da safe Baba ya tafi wani suna, ya ce in fito da sifanu in share wuri. Na share, na ga lokaci ya rage, na ɗauko fetur da buroshin ƙarfe. Na goge sifiran nan har ina ganin haƙorana a jiki. Ɗaya na da ɗigon rawaya, ɗaya fari, duk na aika su lahira.

Baba ya dawo muka fara. Muka tokare tayoyin baya da duwatsu, muka sassauta notocin taya, ya ɗaga motar da jak, ya cusa kututture a ƙarƙashi don ya ce shi bai yarda da jak ba ko na ubansa ne. Kusar ƙasa ta yi tsatsa, sai da muka jiƙa ta da baƙin mai, na hau kan dogon bututun da muka zura wa sifana da duk nauyina kafin ta yi ƙara ta saki. Muka kwance notoci ukun sama, tsohon shokozoba ya fito yana yoyon mai. Sai Baba ya ɗauko ƙugiyoyin matse sifirin.

"Wannan in an matse shi bindiga ce ɗurarra," ya ce. "Juyi biyu nan, juyi biyu can, kuma kada fuskarka ta zo saitinshi. Miƙo mani mai rawaya, shi ne na gefen direba. Ya ɗan fi tsawo, don can nauyi yake, ga ni ga batir ga tanki."

Na dubi sifiran nan suna ƙyalli kamar tagwaye ranar suna. Baba yana tsugune ya ba ni baya. Na yi bisimilla na zaɓi ɗaya, na yi maza na maƙala masa ƙugiyoyin da kaina, na miƙa.

"Ka tabbata shi ne?"

"Shi ne, Baba. Fentin na ƙarƙashin ƙugiya."

Sai la'asar muka gama ɓangare biyun. Muka sauke mota, muka ɗaure kusoshin ƙasa tana tsaye da nauyinta. Baba ya ja baya yana goge hannu, sai ya karkata kai. Motar ta sunkuya gefen direba kamar mai gaishe da surukai. Ya jijjiga ta, ya zaga unguwa da ita, ta dawo yadda take.

Iya tana gidanmu a lokacin, ta zo a duba mata ido. Na same ta tana ɓare gyaɗa, na zauna kusa na zayyana mata komai.

"Kai, angona, wane tsautsayi ya kai ka wankin ƙarfe, kai da ko wuyanka sai an yi faɗa?"

"Iya, ki rufa mani asiri. Laraba kawai nake so ta zo in riƙe sitiyari."

"Je ka. Ba mai ji daga bakina."

Da kunnena na ji, kuma kunnena lafiyarsa ƙalau.

Laraba muka ɗau hanya, Baba na tuƙi, ina tsakiya, Iya a bakin ƙofa. Saboda karkatar motar, duk kwana sai ta gangaro kaina da ƙullin kayanta. Baba tun daga gida yake huci.

"Shekara ashirin ina sayen kaya wurin Sale, ya ba ni mataccen sifiri. Gobe zan cire in kai mashi har shago, in kira shi maha'inci gaban maƙwabtanshi. In ya so zumuncin ya mutu."

Na ƙura wa hanya ido. Bai fi saura tafiyar minti goma mu isa filin ba. Iya ta ɓantari goro, ta tauna, ta tauna. Sai ta kira Baba da sunan da ita kaɗai ke kiransa.

"Ɗanjuma, bar bawan Allah ya ci tuwonshi. Mijin nan nawa ne ya wanke alamar da fetur, ya ba ka wanda hannunshi ya faɗa a kai."

Baba bai dube ni ba. Can ya ce, "Wanke fenti kuskure ne, Mudi. Amma na tambaye ka ko ka tabbata." Muka iso filin bayan Kurfi, shimfiɗaɗɗe, babu ko akuya a ciki. Ko rage wuta bai yi ba.

A Rawayau na ƙi cin tuwonta. Na tsaya bakin ɗaki na ce, "Iya, ke kika koya mani carki. Kura ma ba ta buɗe bakinshi ba, ke ko goro ba a ba ki ba."

"Carkin da ka sani rabi ne. Kullum dila na tafiya kai ma ka tafi, kana zuba mani miyau a zane." Ta gyara zama. Wai mikin ɓauna ya ruɓe, ƙudaje suka tona shi. Da garke ya tambaya, ɓauna ta ce wani ɗan maraƙi ne ya soke ta. Aka kore shi, zaki ya cinye shi a bakin rafi, carki na gani bai ce uffan ba. Jinin maraƙin ne ya rina masa baki har yau.

"Yanzu kika ƙirƙiro wannan."

"Tambayi Rabi."

Na kira Rabi a waya. Ta yi dariya har na ji wayar ta faɗi, ta ɗauka ta ce ai ƙarshen ne ma ya fi daɗi. Ban yarda ba. Mata biyu in suka haɗa kai, sai su ce maka Dutsin-Ma a bakin teku take.

Na daɗe ina juya abin. Wani lokaci in ga da Alhaji Sale ya sha zagi a kan aikin hannuna, da ban iya haɗa ido da shi ba har abada. Wani lokaci kuma in ce ai da ta jira minti goma, in riƙe sitiyarin tukuna, da Alhaji Sale bai rasa komai ba, tunda sai washegari za a zage shi. Na faɗa mata haka, ta ce in ta bari na tuƙa a kan ƙarya, gobe a kan ƙarya zan ɗauki mutane. Wataƙila ta yi gaskiya. Alkawari dai ta yi mani, kuma ta karya, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Asabar ta gaba muka sake kwance gaban motar, ni da Baba, ba mai yi wa wani magana sai "miƙo sha bakwai". Muka tsayar da sifiran a kan siminti, bambancinsu bai kai kaurin yatsana ba. Muka musanya su, motar ta miƙe tsaf. Baba bai je Katsina ba. Hutun makaranta ya ƙare ban taɓa sitiyari ba, Rabi ya koya wa.